Maryamun da Hayaƙi Ya Rina

Duk wanda ya taɓa bin bayan tifa a hanyar Shika ya ga aikin Baba Othniel mai fenti, ko da bai san sunansa ba. Makaranta ɗaya ya yi a duniya, ita ce kalandar 1988. Wani limamin coci, Fada Sebastian, ne ya bar masa ita da zai koma Italiya, lokacin Othniel yana kukunsa. Hotuna goma sha biyu ne daga wani babban gidan adana zane-zane na birnin Florence. Akwai ƙarti biyu na farin dutse suna kokawa, waɗanda ya kwafa a jikin motocin yashi ba adadi. Akwai wata mace tsaye cikin ƙaton ɓawon katantanwa a bakin teku, ko ɗankwali babu. Ita kam tun ranar farko matarsa Tabitha ta sa allura ta ɗinka mata ƙyallen atamfa.

Abin alfaharinsa shi ne hoton watan Maris, mala'ika durƙushe gaban Maryamu yana yi mata albishir. Shi ya zana a bangon cocinsu na Samaru, duk shekara uku yana sabuntawa. Kafin ya taɓa burushi sai ya tsaya gaban kalandar ya haɗa launi daidai da abin da idonsa ya gani. To, a kicin take rataye, don nan kaɗai Tabitha ta yarda a buga ƙusa.

Bana sai ga Amaechi, ɗan kwamitin coci mai injin buga hotuna a Sabon Gari, da wani ƙaton hoto na leda a naɗe.

"Baba, ga na ainihin na sauko da shi daga intanet," in ji shi.

Kwamiti ya ce ranar Lahadi jama'a su zaɓa. In na leda ya ci, a shafe bango da farar ƙasa, Baba ya huta.

Baba ya duba. Maryamun Amaechi fara ce sol, mayafinta shuɗi. Tasa kuwa baƙa ce mai sheƙi, kamar 'yar Zonkwa. Ya ce intanet ɗin ce maƙaryaciya, ya hau kekensa sai gidansa a Palladan. Yana shiga kicin ya lashi yatsa ya goga gefen mayafin Maryamun kalandar. Shuɗi ya leƙo.

"Tabitha! Kin ƙona min Italiya da hayaƙinki!"

"Tuwon da ka ci shekara talatin da ɗoriya fa, Italiya ce ta tuƙa maka?"

Ranar Lahadi bayan an tashi, bai ɓoye ba. Ya cire hula ya ce wa jama'a na Amaechi ne daidai, nasa hayaƙin itace da man ja ne ya yi ta kwafa, duk sabuntawa tana ƙara duhu bai lura ba.

Mama Hephzibah, shugabar zumuntar mata, ta gyara ɗauri ta ƙare wa ledar kallo.

"Amaechi ɗana, yarinyar nan kyakkyawa ce, amma baƙuwa ce. In na kawo mata kukana, da Turanci zan fara? Tamu kuwa tare muka tsufa, rana ɗaya ta dake mu."

"Mama, ai kuskure ne, shi da bakinsa ya faɗa!"

"Kai ma gaban wannan kuskuren aka yi maka baftisma, kana tsala ihu."

Masu son na bango suka ɗaga hannu. Amaechi ya fara ƙirga na zumuntar mata, bai kai rabi ba ya soma naɗe ledarsa yana dariya.

Bayan mako ɗaya ya kawo wa Baba duka hotuna sha biyun, sababbi fil, ya ce don Allah a falo za a sa su. Baba ya yi godiya, ya ɗauki guduma ya nufi kicin.

"Bari su fara sabawa da gari," in ji shi.

Tabitha kuwa ta riga ta hango ta cikin katantanwar, tana ta neman inda ta ajiye allura.