Tawada, Mai Faɗin Abin da Ya Gani

Kafin sauran shagunan layinmu su ɗaga ƙofa, Tawada ya riga ya share gaban nasa shagon, wanda ba nasa ba ne. Yana kunna injin kwafi ya bar shi ya yi ɗumi, ya goge gilashinsa da tsohuwar singileti, ya karkaɗa takardu don kada su manne da juna. Sannan ya zauna a kujerarsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda aka tokare da kwali, yana jiran masu kawo aiki. Baƙin da ya kama yatsunsa ne ya ba shi sunan. Haka yake tun gashinsa yana baƙi, har ya koma launin takardar da yake bugawa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ɗan mai shagon, wanda ya gaji wurin, zai mayar da shi shagon sayar da rigunan waya. Ya sanar da Tawada ta saƙon waya, har da ɗan hoton hannu biyu na godiya. Ba za a yi taro ba, ba za a yi jawabi ba. Na halarci bikin sallamar mutanen da duk aikinsu a duniya shi ne ɓatar da takardun jama'a, na ga an rataya musu lambar yabo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne buga takarda. Aikin da nake jinjina masa a kai babu wanda ya sa shi. Idan ka kawo abin da ka rubuta da kanka, yakan riƙe takardar tana da zafi ya tambaya, "In duba?" Yawancin mutane sukan ce suna sauri. Wanda ya ce to, ya samu abin da ya yi ƙaranci a zamanin nan, wato mutumin da zai karanta har ƙarshe. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce ya ga masu waƙa sun fito daga shagon suna huci, bayan kwana biyu kuma sun dawo da gyara.

'Yata Auta tana cikin waɗanda suka ce to. Tana aiki a kantin magani, amma ranta yana wani wuri. Ba ta iya zane ba, ita ma ta sani. Abin da take yi shi ne ta yanko 'yan mutum-mutumin nan na tsofaffin wasannin bidiyo, waɗanda aka gina da ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu, ta jera su a cikin akwatuna a kwamfuta, ta sa musu magana a baki, ta ɗora a intanet shafi bayan shafi. Labarin wani gida ne mai uwa da uba da 'ya. Uban yana da littattafai da yawa da baƙar magana. Ban tambayi ko wane ne ba.

Ta nemi ra'ayin jama'a, ta kuwa samu. Dangi suka ce, "Kai, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," alhali ba su wuce shafin farko ba. Ƙawaye suka danna mata babban yatsa. Baƙin intanet kuma suka ce ta je ta koyi zane ta daina satar 'yan tsanan yara. Masu yabon da masu zagin duk abu ɗaya suka yi mata, babu wanda ya duba. Ni ba ta kawo mini, kuma ta yi daidai. Uba ba ya iya karanta 'yarsa da ido mai sanyi.

Tawada yana da yadda yake yi. Ba ya cewa ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan maganganun, ya rufe su ruf, ya kalli hotunan kaɗai, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi kamar mai ba da shaida.

"Na ga mutum biyu suna kallon bango."

"Faɗa suke yi, Baba," in ji Auta.

"To bangon ne ya yi musu laifi? Juyo da ɗayan ya kalli ɗan'uwansa."

"Ai na rubuta a sama cewa suna faɗa."

"Na rufe saman. Wanda ke karantawa a waya cikin mota shi ma ya rufe, bai dai gaya miki ba."

Waɗannan 'yan mutum-mutumi ba su da fuska ta kirki. Abin da suka iya kaɗan ne: tsayuwa, tafiya, tsalle, faɗuwa. Da su ne Auta take son ta faɗi duk abin da ke cikin gida, kuma da taimakon tafin hannun nan ta fara iyawa.

Sai mahaifiyarta ta rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, gida ya koma ni da ita da agogon bango, Auta ta zauna ta yi shafin rasuwar. Ta ɗauki uwar cikin labarin ta kwantar da ita a tsakar ɗakin girki, a irin kwanciyar da wasan ya tanada, ta cika saman da maganganun kuka. Ta ɗora. A ranar aka yi mata ca. Wani ya rubuta, "Saura rai nawa ya rage mata?" Wasu suka bi shi da hotunan dariya. Na karanta littattafai da yawa a kan muguntar ɗan Adam, amma ban taɓa ganin ta da arha haka ba.

Ta buga shafin ta miƙa wa Tawada, idonta jawur. Ina wurin, na raka ta. Lallashi ta zo nema, kowa ya gani. Ya rufe maganganun, ya daɗe yana kallo.

"Na ga mace ta faɗi, za ta tashi."

"Baba, rasuwa ta yi."

"Na sani, 'yata, da ni aka kai ta. Amma shekara da shekaru yara suna buga wasan nan a kwamfutar shagon nan. Duk wanda ya yi irin wannan kwanciya, ƙyaftawa yake yi ya miƙe. Waɗancan ba su da tarbiyya, amma ba ƙarya suka gani ba."

Ta fizge takardar ta fita. Ta goge shafin, ta rufe kwamfutar, ta ɗora mata tarin kayan wanki. Ta ɗauke ƙafa daga shagon har watanni, tana zagaye ta bayan layi don kada ta wuce ta gabansa. Abu ɗaya da ya rage yana tashe ta da safe ban da aiki, shi ma ya mutu. Na je na sami Tawada.

"Tawada, da ka ce mata ya yi kyau, harshenka zai guntule?"

"Malam, ai ta samu masu cewa haka, sun fi cikin mota. Sun hana ta kuka?"

"Ta daina gaba ɗaya."

"In ta daina, ta daina a kan gaskiya. In na yi mata ƙarya rana ɗaya, duk abin da na gaya mata a baya ya zama banza."

Na fito ina jin haushinsa. Telan ya gaya mini daga baya cewa a watannin nan Tawada ya daina tambayar kowa ko ya duba, kuma duk macen da ta gifta sanye da farar rigar kantin magani sai ya ɗaga kai.

Ta dawo da kanta, ba ni na aike ta ba. Ta ajiye masa shafi ba ta ko gaishe shi ba. Ya ɗaga hannu zai rufe maganganun, ya tarar babu ko ɗaya. Ɗakin girkin ne a kowane akwati, tukunya a inda take, kujera a inda take. Uwar ba ta ciki. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa tana fuskantar murhu, akwati bayan akwati, ba ta motsa ba. Ya kai takardar dab da hancinsa saboda idon.

"Na ga yarinya tana jira a danna mata ta yi gaba," in ji shi. "Babu mai dannawa."

Auta ta zauna a kan kwalin takardu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Shi kuma ya juya ya shiga goge gilashin da ya riga ya goge.

Ta ci gaba da labarin, ta kai shi ƙarshe a makon jiya. Masu karanta shi ba su da yawa, kuma ba zai sa a san sunanta ba. Shafin nan kuwa na karanta shi sau ɗaya, ban iya komawa ba.

Tawada, kai ne ka yarda yarinya ta tsane ka don kada ka yaudare ta. Kai ne ka ɗauki wasan yara da muhimmancin da masu digiri ba sa ba littafin abokinsu. Ba ka taɓa rubuta layi ɗaya ba, amma akwai rubuce-rubuce a garin nan da suka miƙe saboda sun bi ta hannunka. Na gode. Marigayiya ma da ta gode, ita da ta fi ni iya godiya.

Ku kuma da kuke karanta wannan, na san halinku, za ku danna babban yatsa ku wuce. Kafin ku danna, ku tuna akwai wani a gidanku da ya taɓa miƙo muku abin da ya yi da hannunsa, kuka ce ya yi kyau idonku yana kan waya. Ku koma ku karɓa, ku zauna, ku duba har ƙarshe, ku faɗi abin da kuka gani, ko da zai daina gaishe ku. Daga wata mai zuwa babu wanda zai yi muku wannan aikin a layinmu.