Altine da robar da ba a tambaye ta ba

A Horo Birni ta ƙasar Shagari aka haifi Altine, goggonta ta rene ta. Tsohuwar ba ta dukan yaro don ya yi ɓarna, sai in ya yi kuka. Altine ta tashi a haka. Aure ya kawo ta unguwarmu a Bodinga, gidan Ɗanbaba mai noman albasa, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli.

Ranar haihuwarta ta fari surukinta yana cin tuwo a gindin katangar ɗakin. Bai san ana naƙuda ba sai da jariri ya tsanyara. Daga nan sunanta ya fita. Duk yarinyar da ta yi raki a kan gwiwa, a ce mata ta je ta ga Altine. Ba ta da kyau, ba ta da dangi a kusa, ƙulinta ma ba ya fin na kowa. Dauriyar nan ita ce abin da ake gaishe ta dominsa.

Bayan haihuwa ta bakwai ta zubar da jini har ta suma, Ɗanbaba ya yarda ta huta. Ta riƙa zuwa wani ƙaramin asibiti ana yi mata allurar tazara. Wata safiya yayar mijinta, Nana Fatima, ta raka ta. Suka tarar allura ta ƙare a asibitin. Ma'aikaciyar, Malama Safinatu, ta karɓi wayar Nana Fatima ta kira Ɗanbaba a gona. Ya ce a yi abin da ya dace. Ita Altine, abin da aka ce mata kawai shi ne, "Hau gado in duba ki."

Labule ne kaɗai tsakanin gadon da bencin da mata suka cika. Aka buɗe ta da ƙarfe mai sanyi, aka kama bakin mahaifa da wani abu kamar hantsaki, aka tura. Altine ta faɗa mini daga baya cewa naƙuda tana zuwa tana sakin mutum, wannan kuwa bai sake ta ba. Ta cusa mayafi a baki. Yayar miji tana bayan labule, matan unguwa suna kasa kunne.

"Akwai zahi?" in ji Safinatu, da ƙarfi don benci ya ji.

Altine ta ƙara danne mayafin da haƙora. Safinatu ta yaye labule.

"To, matsorata, kun gani? Robar mahaifa anka sa mata yanzu, ko uffan. Shekaru ba ruwanta da ciki. Wa ka bi mata?"

A nan Altine ta san abin da aka sa a jikinta, tare da kowa. Nana Fatima ta yi dariya ta ce, "Wagga ai ko da galma kunka sa mata, sai ta ce sannunku da aiki." Benci ya kwashe da dariya. Altine ta fita da ƙafarta, ta yi amai a bayan katanga inda ba mai gani.

Jini ya riƙa zuwa mata ba lissafi, har ta rasa ranar da za ta yi salla da ranar da za ta bari. Ta koma ta ce a cire. Safinatu ta ce ta zo da maigida. Maigida ya ce, "Ke da kinka haihi bakwai ba kuka, 'yar roba za ta kada ki? Kar ki ba mu kunya."

Ana nan sai Mufida, matar ɗan Nana Fatima, ta haifi tagwaye, aka ce ita ma a sa mata. Yarinyar ta zo da tsoronta, ta durƙusa gaban Altine a tsakar gida. Ina wurin, na zo sayen ƙuli, Nana Fatima da wasu mata suna kan tabarma.

"Inna, don Allah hwaɗa min gaskiya. Da zahi?"

Altine ta dubi tabarma. Duk sun zuba mata ido suna murmushi.

"Ba kome," in ji ta. Ta ci gaba da matsar tunkuza.

Ranar da aka sa mata a asibiti, ihun Mufida har masu kabu-kabu a bakin titi sun ji shi. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, yara suna kwaikwayonta a bakin rijiya. Nana Fatima ta ce an kawo musu raguwa cikin zuri'a.

Washegari Altine ta kai wa Mufida kunu. Mufida tana kwance ta dunƙule, ba ta tashi ba.

"Inna, kin sani."

"Na sani."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

Altine ta aje kwanon kusa da kanta, ta gyara wa ɗaya daga cikin tagwayen zani.

"In sun tambaye ki, ce musu tsoro kinka ji, ba zahi ba," in ji ta. "Sun fi saurin mance wannan."