Shayin da Ya Ci Taga

Mu huɗu muke kwana a ɗakin nan na unguwar Karantina, ɗaki na katako da langa-langa, taga ɗaya tak, ita ma ba ta fi faifai ba. Amma ta nan iskar teku ke shigowa. Wanda bai san zafin Jidda ba a shekarun sittin, kafin fanka ta iso wa irinmu, ba zai gane yadda ƙarti za su yi ta hankoron wannan 'yar kafa ba.

Akwai ni, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ga ƙarfi ga saurin fushi. Akwai Tela, haihuwar Jidda, wanda rabin Hausarsa Larabci ce. Akwai Kuku, Bahaushen Sudan da ya yi shekaru yana girki a jirgin ruwa. Sai Baba, dattijo mai gyaran takalma a Bab Makka, wanda ya zo Hajji a ƙasa, ya tsaya neman guzurin komawa.

Kuku ne ya koya mana karta irin ta ma'aikatan jirgi. Kuɗi kam ba ma sawa, Baba ya ce ranar da ya ga ko girshi ɗaya a tabarma zai kwashe kayansa. Da ƙwallayen dabino muke yi, duk Juma'a bayan an sauko masallaci an ci shinkafa. A raba su daidai, a yi ta wasa har la'asar. Wanda ya fi tarawa, shi ke da gindin taga har wata Juma'ar.

Wasan ba wuya. In layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka kife katinka ka fita. Dokokin Kuku ne jarabar. Ba ka magana sai layinka ya zo. Ƙarinka ba ya gaza ƙarin wanda ya riga ka. Kuma da hannu ɗaya ake zubawa, ba ka zuba kaɗan ka leƙi fuskokin mutane sannan ka koma ka ɗebo. Sau nawa muka yi kaca-kaca da shi a kan wannan!

"Hannuna ne ƙarami, Kuku!"

"To yi amfani da bakinka, ai shi babba ne. Ka ce 'ƙara', halas, shi ke nan, magana ta ɗaure ka."

Wannan ce uwar dokokin: in kalmar ta fita daga bakinka a layinka, ta fita ke nan. Sai ƙanwarta: katin da aka kife, ba mai buɗe shi har abada.

Baba bai taɓa cin tagar ba. Mutum ne da ko a wasa ba ya iya ƙarya. In katinsa ya yi kyau sai gemunsa ya hau rawa, in ya lalace sai ya hau istigfari. Kuma bai taɓa cewa "ƙara" ba, bi kawai yake yi.

A bazarar nan zafi ya kama shi da gaske. Ƙuraje suka feso masa a baya da wuya, barci ya gagara, ya rame, har basilla na suɓuce masa a wurin aiki. Tausayinsa ya hana ni sukuni. A makon tagar a hannuna take, na ce, "Baba, ka dawo nan, ni na koma bango."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Yaro, na tako daga Katsina zuwa bakin teku ban roƙi kowa inuwa ba. Abin da ban ci ba, ba na kwana a kai." Tela ya gwada, Kuku ya gwada, duk ya wanke mu tas. Haushi ya kama ni, na ce a raina tsohon nan taurin kai zai kashe shi.

Juma'a ta zo. Zagaye na ƙarshe, la'asar ta kusa, kowa ya zuba har kusan duka ƙwallayen suna tsakiyar tabarma. Kuku ya yi ƙari mai nauyi. Layi ya zo kan Baba, yana ta istigfari ƙasa-ƙasa, kowa ya san hannunsa ba komai. Daidai nan Tela ya ɗaga butar shayi. Baba, ko kallon tabarmar bai yi ba, ya miƙa finjali ya ce, "Ƙara."

Kuku ya ɗago kai.

"Baba ya ƙara," in ji Kuku.

"Wa? Ni? Shayi na ce!"

"A layinka ka faɗa. Magana zarar bunu ce."

Na yi tsalle na miƙe. "Haba Kuku! Wace irin mugunta ce wannan? Ga finjali a hannunsa, makaho ma ya gani!"

"Zauna, sarkin fushi. Doka ba ta san finjali ba. Yalla, Baba, zuba."

Baba ya tura duk abin da ya rage masa, da ƙyar ya cike ƙarin, yana cewa shi ke nan, an cuci tsoho.

Layi ya zo kan Tela. Ya daɗe yana kallon katinsa, sannan ya girgiza kai. "Wallahi ana khayif, tsoro nake ji. Mutumin da bai taɓa ƙarawa ba, yau ya ƙara? Akwai abin da ya taka." Ya kife.

Na buɗe baki zan ce masa kai wane irin sakarai ne, sai na ji Kuku ya take mini ɗan yatsan ƙafa, takawa ba ta wasa ba. Na dubi fuskarsa, ko gezau. Na dubi wuyan Baba, jawur da ƙuraje. Sai a lokacin kan nawa ya yi aiki. Na dubi katina, na yi tsaki mai ƙarfi, na kife.

Saura Kuku. Ya shafa haɓa, ya harari Baba. "Shekara da shekaru ina wasa da Girkawa da Indiyawa, ba wanda ya taɓa yi mini wannan dabara ta shayi. Tsoho, ashe kura ce da fatar akuya." Ya kife nasa, ya tattara katunan duka ya cakuɗa.

Baba ya ce, "To ku ga nawa mana, wallahi babu..."

"Ba ma so," in ji Kuku. "Ka ci. Kwashe kayanka."

Washegari har rana ta fito Baba na minshari a gindin taga, muka riƙa tsallake shi da sanɗa. Daga ranar kuma muka shiga uku. Duk wanda ya kawo takalmi Bab Makka sai ya ji labarin yadda tsoho ya razana samari uku da finjali. Ya koyi ƙarawa da gaske, ya ci tagar sau da yawa da hannunsa, har na fara da-na-sanin rainon ɗan zaki.

Da guzurinsa ya cika muka raka shi jirgi, ni na ɗauki akwatinsa. A gindin tsani na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ranar shayin nan, ka san abin da ke hannuna kuwa?"

Ya kama kunnena ya murɗe. "Kul. Katin da aka kife ba a buɗewa." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, gemun nan na rawa. "Yadda kuka rufa mini, Allah Ya rufa muku."

Kuku ya juya baya yana faɗa da iska, wai ta watsa masa yashi a ido.