Hajjo Mai Ganye ta Iku

A Iku, nan gefen Suleja, in ka ce Hajjo sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Hajjo mai ganye kowa zai nuna maka gidan. Tun tana budurwa take bin kakarta daji, a can ta koyi abin da ake ci da abin da ake gudu. Ta san tafasa tun tana ɗan tsiro, ta san lalo da yaɗiya da gasaya, ta san lokacin da ɗinkin, wato ɗanyen tohon ɗinya, yake da daɗin kwaɗo. Ba ta cewa ganye yana da ɗaci kawai. Akwai mai bauri, akwai mai gafi, akwai mai maƙaƙi a wuya, kuma kowanne da yadda ake dafa shi ya saki.

Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Takan fita da safe da buhu da 'yar lauje, ta dawo kafin azahar, ta dafa, ta kai bakin kasuwa.

Sai gari ya fara cin daji. Ma'aikatan Abuja suka cika Suleja, aka yanka filayen bayan Iku aka gina ɗakunan haya. Fadamar da take tsinkar lalo ta zama gidan bulo. Gonakin da suka rage kuma feshi ake musu, ganyen gefensu ya yi kyau a ido amma ba ta yarda ta ba mutum ya ci. Kowace damina sai ta ƙara nisa, har ta kai sai ta hau mota zuwa wajen Tafa sannan ta shiga da ƙafa.

Ɗanta Nu'uman, direba ne a Abuja, ya sha yi mata magana.

"Inna, dajin nan ba na da ba ne. Ki zauna, ni zan ɗauki cefane."

"Ba don cefane nake zuwa ba," in ji ta. "In na kwana biyu ban shiga ba, ƙafafuna ciwo suke."

Abokiyar tafiyarta Yalwa ce, maƙwabciyarta, matar Malam Gwadabe tela. Yalwa ba ta kai ta shekaru ba, kuma ita kaɗai ce a unguwar ta damu ta riƙe sunayen ganyayyakin. Takan ɗaga ganye ta ce, "Yaya Hajjo, wannan fa?" Hajjo ta murza, ta shinshina, ta faɗa mata.

Wata safiya a farkon damina suka shiga dajin bayan Tafa neman tafasa da 'ya'yan kaɗanya. Hajjo ta gangara cikin wani kwazazzabo, Yalwa tana sama tana tsinta. Sai ta ji ƙarar babura, ta ji muryoyin maza, ta ji Yalwa tana salati. Ta leƙa ta tsakanin ciyawa ta ga bindigogi. Ta kwanta rub da ciki, ba ta motsa ba har ƙarar ta ɓace ta gabas, wajen wasu duwatsu. Da ta hau, buhun Yalwa kawai ta tarar a zube, da takalminta ɗaya.

Hanyar da suka shigo ita da Yalwa, ita baburan suka bi, don haka ba ta bi ta ba. Ta nausa cikin daji, ta sa rana a bayanta. Ƙishi ya kama ta, ta nemi inda ɓaure ya yi duhu, ta sami busasshiyar korama a gindinsa, ta tona yashi da laujenta har ruwa ya tsatso, ta jira ya kwanta ta sha. Ta ci gwandar daji da kaɗen da ya faɗo. Kututture ya tsaga mata ƙafa, ta tauna ganyen kalgo ta manna, ta saɓule ɓawonsa ta ɗaure. A kan reshen ɗorawa ta kwana. Washegari da la'asar ta ɓullo wata gonar doya, Gwarawa masu gonar suka ɗora ta a babur zuwa titi.

Mutane suka yi ta zuwa barka. Wasu suna cewa ilimin daji ne ya cece ta. Ita dai sai ta tambaya ko an ji labarin Yalwa. Waɗanda suka ɗauke ta sun kira waya sau ɗaya, suka yi magana da Malam Gwadabe, daga nan layin bai ƙara shiga ba. Damina ta wuce, wata ta zo, shiru.

Nu'uman bai ma sake hana ta ba, ita da kanta ta rataye laujen. Ƙafar ta warke amma ta bar ta da ɗingishi. Ya buɗe mata ɗan tebur a ƙofar gida, tana sayar da magi da omo da ruwan leda. Matarsa Tayyiba, 'yar Kano, tana kula da ita sosai, sai dai kabeji da alayyafon kasuwa ta sani. Wani lokaci Hajjo takan fara ba ta labarin wani ganye mai santsi da ke fitowa a gindin suri, sai ta tsaya, sunan ya ƙi zuwa. Da Yalwa tana nan, da ita za ta tambaya.

"Zai dawo miki, Inna," in ji Tayyiba.

"Ko ya dawo, wa zan nuna wa? A ina?"

Malam Gwadabe ya rame, ɗinkin ma ya rage. In zai wuce masallaci yakan tsaya a gaban teburin, su gaisa, sannan ya ce, "Yaya, kin ce gabas suka yi da ita ko?"

"Gabas, Malam. Ta wajen duwatsun."

Sai ya gyaɗa kai kamar yau ya fara ji, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Ita kuma ta gyara zaman ledojin ruwan a cikin kula, ta mai da murfin.