Bayan Gajeriyar Rashin Lafiya

Yayana ɗan dambe ne, kuma a gidanmu da ke bayan Hubbare ba a faɗin haka. Gidan malamai ne. A wurin Baffa, ƙanen mahaifinmu da ya riƙe mu bayan rasuwarsa, dambe sana'ar rundawa ce, wato mahauta. Idan baƙo ya tambayi ina babban ɗan gidan yake, sai a ce yana Legas yana kasuwanci. Ni ma haka nake faɗa a gidan rediyon da nake aiki a Sama Road.

Ya fara da damben gargajiya a filin Ƙofar Kware, hannu naɗe da zare. Daga baya wani koci ya ɗauke shi zuwa damben zamani, na safar hannu da igiya. Ya yi suna a Kudu, har ya ci kambu. Duk sallah yakan zo da tabo sabo a gira, ya durƙusa ya gaida Baffa, Baffa ya amsa yana kallon buzunsa. Ni kuwa yakan daki kafaɗata ya ce, “Mai murya, yaushe za a ji ni a akwatin naku?” In ce ba ni ke shirin wasanni ba.

Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. “Wancan” take ce masa. Ko furar da take dama masa ta musamman, ni take ba in kai, kamar ba daga gare ta ba.

A wasansa na ƙarshe an same shi a gefen kai. Ya miƙe, ya ɗaga hannu alamar zai iya, alƙalin wasa ya bar shi ya ci gaba. Ana ƙarasa turmin, wato zagayen wasan, ya faɗi a kusurwarsa. Bai farfaɗo ba, jini ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Abokan sana'arsa ne suka yi masa wanka da sutura a can Legas.

Da aka shimfiɗa tabarmin makoki, Baffa ya kira ni ya tsara mini sanarwar da zan karanta: wane ɗan wane, ɗan kasuwa, ya rasu a Legas bayan gajeriyar rashin lafiya.

“Baffa, ai jaridu sun riga sun...”

“Jarida ba ta shigowa gidan ga. Rediyo ka shigowa. Kai dai karanta abin da nic ce.”

Na karanta da safe. Na sha karanta wannan jimla a kan mutanen da ban sani ba, ta fita sumul, ban ci tuntuɓe a ko harafi ɗaya ba. Da na fito abokan aiki suka yi mini ta'aziyya, ɗaya ya tambaya ko hawan jini ne. Na ce kusan haka.

Da na koma gida na tarar da rediyon Inna a kashe, an kifa ta a kan buhun gero. Tun muna yara ba a kashe ta da rana. Ɗakin cike yake da mata masu gaisuwa, wata gwaggonmu tana bayanin yadda zazzaɓin bana ke kayar da manya. Inna ba za ta iya musawa ba, uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a cikin taro. Sai da na durƙusa zan fita ta yi magana, idonta a kan tabarma, kamar da bango take.

“Wancan bai taɓa kwantawa ciwo ba. Tsaye yaf faɗi, wurin aikinai.”

Gwaggo ta gyara mayafi.

Sanarwar rasuwa ana maimaita ta bayan la'asar. Na zauna gaban makirfo, fitila ta yi ja, na ce wane ɗan wane, ɗan damben zamani, ya rasu sakamakon bugun da ya samu a fagen wasa. A nan muryata ta karye, abin da bai taɓa faruwa da ni a aiki ba. Mai kula da na'ura ya ɗago ya dube ni ta gilashi. Shekaru muna aiki tare, bai san ina da wa ɗan dambe ba.

Baffa bai amsa gaisuwata ba har aka yi sadakar bakwai. Amma da na shigo gida a ranar da na sauya sanarwar, rediyon Inna tana kan taga, a kunne, ana karanta farashin hatsi.