Inna Mai Kwaɗi Ta Ajiye Wuƙarta

Kafin mai shara ya gama da baranda, Inna Mai Kwaɗi ta riga ta buɗe ɗakin binciken da ke jami'a. Takan rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta canja wa kwaɗin ruwa, sannan ta zauna gaban madubin ƙara girma ta duba ƙwan da suka saka. Haka take yi tun tana amarya har ta yi jikoki. Mijinta kan tsokane ta cewa ba a tambayarsa ya ya kwana sai an ji lafiyar kwaɗi.

Aikinta fiɗar ƙwan da bai kai kan ashana ba, wuƙarta kuwa gashin gira ne da ta liƙa a bakin tsinke. Da shi take yanko saman ƙwan ta nuna wa ɗalibai: in an bar shi shi kaɗai, fata kawai zai zama, in an manna shi da ƙwayoyin halittar ƙasan ƙwan, sai su aika masa saƙo ya rikiɗe ya zama tsoka. Da irin wannan saƙo jiki ke rabuwa shimfiɗa uku, ta fata, ta tsoka da jini, da ta hanji.

Akwai wata ɗaliba mai shayarwa da duk ƙwan da ta taɓa sai ya fashe, har ta tattara kayanta za ta bar karatun. Inna ta karɓi jaririn ta goya, ta zaunar da ita.

"Ɗiyata, hannunki lafiya lau yake. Numfashi kike riƙewa. Sake shi, sannan ki yanka."

Bayan 'yan kwanaki, ɗan guntun da ɗalibar ta manna ya motsa a ƙarƙashin madubi, alamar ya zama tsoka. Ta kifa kai a kafaɗar Inna ta yi kuka. Yau ita ma koyarwa take a wata ƙasa.

Bara hannun Inna ya fara rawa. Da kanta ta je ta gaya wa shugaban sashe. Ya roƙe ta ta zauna tana duba ɗalibai kawai, ta ce ba za ta iya kallo ba tare da taɓawa ba.

Yanzu tana gida. 'Yarta ta ce in an yi ruwa kwaɗi suka fara kuka, sai yatsun Inna su riƙa motsi a kan cinyarta. Abin da Inna ta fi kewa, in ji 'yar, shi ne safiyar da ɗan baƙin layi ke fitowa a jikin ƙwan, ƙwayoyin su fara naɗewa zuwa ciki.

Inna, ke ce mai hannun alheri. Sunanki bai hau bangon littafi ba, amma yadda kika riƙe tsinke haka ɗalibanki ke riƙewa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu koyarwa, ku koyi haƙurinta. Ku kuma da kuka zauna kusa da ita, ku je ku ɗauko ta wata safiya, ku yanka ƙwan, ku matsa mata ta leƙa madubin.