Ranar da Yaya Ya Ja Sitiyari

A shekarar da Nasara suka sa aka share hanyar mota ta bi ta Dutse, kawuna ya zo daga Kano da wata babbar mota ta ɗaukar gyaɗa. Ba tasa ba ce, tuƙi kawai yake yi. Ni kuwa ina rubuta allona a inuwar dabino, ina kallon ta kamar raƙumin da ya gaji ya durƙusa.

Yayana ko gemu bai fara ba, amma tun yana ƙarami yake hawan goɗiyar Baba. Ya nace sai an koya masa tuƙi. Baba ya yarda da sharaɗi: in ya yi ɓarna, ya koma gona ke nan.

"Wannan ba ta jin tsawa, ɗan nan," in ji Kawu. "Tsayuwarta a ƙafarka take. Ka ji ko?"

"Na ji, Kawu."

Da hantsi suka fara zagaya filin bayan gidanmu. Sai ga tunkiyata, fara mai baƙin kunne, wadda kakata ta ba ni ranar da na kai izu goma, ta ratso gabansu tana bin ɓawon gyaɗa. Na ga Yaya ya kama sitiyari ya ja shi zuwa ƙirjinsa da iyakar ƙarfinsa, kamar linzami. Motar ba ta tsaya ba. Na ji ƙashi ya karye, irin ƙarar busasshen karan dawa.

Kawu ya fizgi burkin hannu, ya finciko Yaya ƙasa, ya zabga masa mari har leɓensa ya fashe. Ya ɗauko tsohon bel na inji ya shiga tsula masa a gadon baya, rigarsa ta yage, jini ya ɓullo.

"Doki ka hau? Da ƙanwarka ce ta gifta fa? Ja za ka yi ta yi?"

Tunkiyar tana jan cinyoyinta a ƙasa, tana kuka. Kawu ya zaro wuƙa ya danƙa wa Yaya.

"Kai ka taka ta, kai za ka yanka, kafin ta zama mushe."

Yaya ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya fantsamo har kan allona, ya ɓata ayar da ban gama rubutawa ba.

Baba ya fito zaure, ya ce sharaɗi ya cika. Kawu ya durƙusa.

"Malam, a yi haƙuri. Yau ne ya san abin da mota take iyawa. Wanda bai sani ba shi nake tsoro."

Baba ya juyo ya dube ni, tunda tunkiyar tawa ce. Na gyaɗa kai kawai.

Yaya ya sake hawa bai ko wanke hannu ba. Ya tafi kaɗan, ya taka burki, ta tsaya cak. Ya sake tafiya, ya sake takawa. Har azahar ina jin ƙarar burkin nan, ina wanke allona.